Wanda Ya Aske Yasmin ɗin Hajiya

Alhaji Labaran bai ƙarasa shiga gida ba. Jaka na hannunsa, ƙafa ɗaya a kan matakalar baranda, ya tsaya cak.

Kwana huɗu ya yi a Zariya wajen ta'aziyya. Ranar da zai tafi, yasmin ɗin da ke gindin tagar ɗakinsa ta fi mutum tsawo, ta rufe bango da ganye. Yau Talata ba komai a wurin sai kututture guda takwas, babu wanda ya wuce gwiwa, kawunansu fari fat da sabon yanka.

"Wa ya yi wannan?"

Bai ɗaga murya ba. Mutanen gidan sun san rashin ɗaga muryarsa ya fi tsawarsa muni.

Goggo Turai, yayarsa da ta tare a gidan tun rasuwar matarsa, ta fito tana gyara ɗankwali.

"Wa kuwa? Surukinka mana. Wanda ka ce mutanensa su zo neman aure ranar Asabar."

Duk wanda ya san gidan nan na unguwar Gudu a Abuja, da ƙamshi ya san shi. Yasmin iri uku ce a ciki. Akwai mai hawa katanga, furenta ƙanana kamar taurari. Akwai mai ruwan ɗorawa a bakin get, ita kyau kawai gare ta, ko ka cusa hanci ba ka jin komai. Ta ukun ita ce ta gindin taga, mai farin fure ninki-ninki kamar an dunƙule auduga. Marigayiya Hajiya Muhibba ce ta zo da reshenta daga gidan uwarta a Maiduguri, naɗe cikin jiƙaƙƙen zane, tana amarya.

Shekara uku ke nan da rasuwar Hajiya. Shekara biyu ke nan yasmin ɗin ba ta yi fure ko ɗaya ba, sai ganye da tsawo.

Yamusa na can ƙarshen lambu riƙe da tiyon ban ruwa. Ɗan wani ƙauye ne kusa da Kwali, ya yi difloma a aikin gona, yana da wurin rainon fulawa na kansa a bakin titi. Bayan rasuwar Hajiya aka ɗauke shi yana zuwa sau biyu a mako. A nan ya ga Mashkura, 'yar Alhaji tilo, a nan ita ma ta gan shi. Shekara guda Alhaji yana juya maganar kafin ya ce to, a turo manya.

Ya matso ya durƙusa.

"Baba, sannu da hanya."

"Ban tambaye ka hanya ba. Kai ne?"

"Ni ne, Baba."

"Ranar da ka fara aiki a gidan nan, me na ce maka?"

"Ka ce kowacce in taɓa, ban da wannan."

"To?"

"Baba, ta tsufa a tsaye ne. Irinta ba ta fure a tsohon reshe, sai a sabo. Ruwan farko ya kusa, idan aka aske ta yanzu, kafin sati shida za ka ga..."

"Karatu za ka koya min?"

Yaran yanzu ke nan. Babba yana maganar abin da ke cin ransa, su kuma suna amsa masa da abin da suka karanta. Ba ƙarya yaron ya faɗa ba. Amma ba a tambaye shi ba.

"Wa ya sa ka?"

Labulen falo ya motsa kaɗan. Yamusa bai kalli wajen ba.

"Ba kowa, Baba. Ni na ga dama."

"Ajiye tiyon nan ka fita. Maganar Asabar, za ka ji daga gare ni."

Yamusa ya rufe famfo, ya naɗe tiyon yadda ya saba, ya rataye shi, ya fita. A bayan labule Mashkura ta toshe bakinta da gefen mayafi.

* * *

Washegari da hantsi motar ɗaukar kaya ta tsaya a ƙofar gida. Amir ne, ɗan aminiyar Goggo Turai, mai sayar da gidaje a sababbin unguwanni. Shekara biyu yana zuwa gaisuwa, shekara biyu Mashkura na kawo masa ruwa ta koma ciki.

Mutum biyu suka sauko da ƙatuwar tukunya, shuka a ciki ta kai kafaɗa, fure a jikinta tuli.

"Baba, Goggo ta faɗa min abin da ya faru. Wallahi raina ya ɓaci. Na ce a nemo min yasmin mafi girma a duk Abuja."

Alhaji ya zagaya tukunyar. Ya kama ganye ɗaya ya murza.

"Wannan ba ita ba ce."

"Yasmin suka ce min, Baba."

"Sarauniyar dare ake ce mata. Da rana ba ta da magana, sai bayan magariba ta cika unguwa har ta sa ciwon kai."

"Ai ka ga ma ta fi waccan ƙamshi ke nan." Amir ya yi dariya. "Yara na nan da diga. Minti goma su tone kututturan, a sa wannan a gurbin, kamar ba a yi komai ba."

Ba mugun yaro ba ne Amir. Kawai ya taso a inda abu ya lalace sai a sayo wani.

"Su ajiye ta can gefen gareji," in ji Alhaji. "Na gode. Allah ya yi albarka."

Bayan tafiyarsa Goggo ta jawo kujera ta zauna gab da ƙaninta.

"Labaran, ba zan ce maka komai a kan garinsu ba, na gaji da wannan. Ba zan ce komai a kan sana'arsa ba, ka ce halal ce, na yarda. Abu ɗaya zan tambaye ka. Doka nawa ka kafa masa a gidan nan?"

Ba ta jira amsarsa ba.

"Ɗaya tak. A kan ice. Ka ba da baya kwana huɗu ya take ta, don yana ganin ya fi ka sani. To ranar da 'yarka ta zama tasa, ya ga ya fi ta sanin abin da ya dace da ita, wa zai tambaya?"

Maganar ta shiga. Goggo ma ta ga ta shiga, sai ta ja bakinta ta tashi.

* * *

Ranar Alhamis da ta taso daga aiki, Mashkura ba ta wuce gida ba. Ta sauka a bakin titi inda masu fulawa suke jere, ta bi ta tsakanin baƙaƙen ledoji har inuwar da Yamusa yake cuɗa ƙasa da taki.

"Abba ya kira ka?"

"Bai kira ba."

"Kawunka fa? Ka faɗa masa?"

"Me zan ce masa? Ya sayi goro. Ya sa an wanke masa babbar riga tun Lahadi, duk ƙauye sun gani a igiya."

Ta zauna a kan kifaffen bokiti. Hawayen da take riƙewa tun Talata suka zubo.

"Ni na sa ka. Ni na ce ina so ranar aurena in ga furen Umma ko guda ɗaya ne. Ka ce Abba ya hana, na ce idan ya ga fure zai huce. Don me ba ka faɗa masa ba?"

"Almakashin a hannun wa yake?"

"Yamusa, kada ka yi min wannan."

"Gaskiya nake faɗa miki. Da na so, da na ce a'a." Ya kakkaɓe hannunsa a wando ya tsuguna a gabanta. "Shekara uku ina wucewa ta gefenta hannuna na ƙaiƙayi. Kin san yadda yake? Kamar ka ga mutum da takalmi ya matse shi, an ce kada ka yi magana. Da kika ce aske, ban ji nauyi ba, daɗi na ji. To laifin wa?"

"Namu."

"Naki kaɗan ne. Bar min shi duka."

"Zan faɗa masa."

"Kada ki faɗa. Ni idan ya kore ni, mai fulawa ya kora, gobe wani zai zo. Ke kuwa ke kaɗai gare shi. Ya zauna cin abinci yana kallonki yana tuna ke kika sa?"

"Ni kuma in zauna ina kallonsa yana ba da ni ga Amir a kan ƙaryar da ka yi masa?" Ta share fuska da bayan hannu. "Kai mai fulawa ne kawai a wurina? Haka ka ɗauki kanka?"

Wata mata ta tsayar da mota tana danna ham.

"Oga! Nawa ne wancan mai ja?"

"Madam, ina zuwa!" Bai tashi ba. Ya rage murya. "Tun shekaranjiya ina tunanin fuskarsa. Na yi ta lissafin sati shida, ruwa, toho. Shi ba wannan yake kallo ba. Ban san me yake kallo ba, amma ba ice ba ne."

"Umma yake kallo."

"To gobe bayan la'asar zan zo. Ba zan kawo bayani ba, haƙuri zan bayar. Idan ya ce a fasa, daga nan zan hau motar Kwali in faɗa wa Kawu da bakina."

"Shi ke nan? Ka haƙura da ni?"

"Ban ce na haƙura ba. Na ce ba zan shiga gidansa ta bayan idonsa sau biyu ba."

Matar ta sake danna ham. Mashkura ta miƙe, ta ja mayafinta, ta tafi ba ta yi masa sallama ba.

* * *

Ranar Juma'a hadari ya taso daga gabas ya tsaya, bai zubo ba. Alhaji na zaune a kujerar roba, ya ba kututturan gefe, ba ya kallonsu kuma bai bar wurin ba. Haka yake yi tun Talata.

Aka yi sallama a get.

"Labaran, kada ka bari ya shigo," in ji Goggo daga baranda.

"Sallama ya yi, Yaya. A amsa masa."

Yamusa ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a ƙasa.

"Baba, na zo ba da haƙuri. Ka hana ni abu na yi. Ba ni da hujja."

"Ran nan ai kana da ita."

"Ran nan ban da hankali."

Ƙofar falo ta buɗe. Mashkura ta fito ba takalmi, ta zo ta durƙusa nesa kaɗan da shi.

"Abba, ni ce. Ni na roƙe shi. Sau uku yana ƙi."

"Sau ɗaya," in ji Yamusa, kansa a ƙasa.

"La ilaha illallahu!" Goggo ta tafa hannu. "Ashe da ke aka haɗa baki!"

"Na sani," in ji Alhaji.

Duk suka ɗago.

"Mutum ya yi shekara uku yana bin doka, rana ɗaya ya karya ta, ai ba sai an faɗa min muryar wa ya ji ba. Ina jira ne in ga wanda zai fara faɗa."

Ya gyara zama.

"Ku kun ɗauka ban san tana son aski ba? Ni? Kowace shekara, daidai wannan lokaci, uwarki za ta ɗauko wuƙar kicin ta zauna a nan ta mayar da ita guntu-guntu. Kowace shekara sai mun yi faɗa. In ce kin kashe ta, ta ce jira. Shekara ashirin da wani abu, ban taɓa cin wannan gardama ba."

Mashkura ta sunkuyar da kai.

"Askin ƙarshe da ta yi, ciwo ya riga ya kama ta. A zaune ta yi shi, tana hutawa. Rassan nan da kuka gani, daga wannan askin suka fito. Ba fure nake jira ba. Kayanta an raba, ɗakinta an yi fenti, wayarta ma an ba wata. Abin da ya rage a gidan nan wanda hannunta ya bari yadda ya bari, shi ne inda wuƙarta ta bi a jikin icen nan. Shi kuka loda a baro kuka kai bola."

Goggo kanta ta kau da fuska.

Irin wannan ba a ba da haƙurinsa. Ice zai toho, ko an so ko ba a so ba. Amma abin da dattijon yake faɗa ba ya cikin abin da ruwa ke mayarwa, kuma yaran biyu sai a lokacin suka gane girman abin da suka taɓa.

"Baba," in ji Yamusa a hankali. "Ka ba ni izini in yi magana?"

"Yanzu ka koyi tambaya?"

"Yanzu, Baba."

"Faɗi."

"Yankanta bai je bola ba. Yana nan."

Alhaji ya juyo ya dube shi sosai, karo na farko tun shigowarsa.

Yamusa ya ja gwiwa zuwa kututturen farko. Ya nuna da ɗan yatsa, bai taɓa ba.

"Idan aka yanke reshe, sabon ba ya fitowa a kan yankan, daga ƙasa da shi yake fitowa. Yankan ya zauna a gefe ya bushe. Ga shi nan, wannan mai toka-toka. Ga wani. Da na buɗe ganyen na gan su, na ga wanda ya yi aikin ya fi ni sanin icen nan, kowane yanka daidai saman idon da toho ke fitowa. Sai na ji kunyar in yanka ƙasa da shi. Na bar yatsa uku a sama, na bi shi a haka har na gama."

Alhaji ya laluba aljihu ya ciro tabarau.

"Kuma ba da almakashi aka yi ba, da wuƙa ne, shi ya sa ya karkace. Sai dai duk karkatar ɓangare ɗaya take, ba yadda nawa hannun zai ja ba. Na ce a raina, mai aikin nan bahago ne."

Wani sauti ya fita daga bakin Mashkura, ta kifa fuska a cinyarta.

"Ita ta faɗa masa," in ji Goggo, amma muryar ba ƙarfi.

"Wallahi Goggo ban taɓa ba," in ji Mashkura cikin kuka. "Ni kaina na manta. A gaban mutane da hannun dama take komai."

Haka ne. Tun Hajiya tana yarinya aka yi ta dukan hagun nata har ta koyi ci da bayarwa da dama. Wuƙa ce kawai ta ƙi barin hagunta, kuma ba ta ɗaukarta sai inda ba baƙo.

Alhaji ya sauko daga kujera. Gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya tsuguna a gaban kututturen da ya yi kwana huɗu yana kau da ido daga gare shi, ya kai babban yatsa kan busasshen yankan, ya bi karkatarsa daga sama zuwa ƙasa. Ya matsa na biyu. Ya matsa na uku. A na biyar yankan bai tafi sumul ba, ya tsaya a tsakiya, an sake kamawa.

"A nan ta huta," ya ce, ba da kowa yake ba.

Shekara uku ganye ya rufe masa su.

Iska ta kaɗa, ta kawo ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwa a wani wuri. Ba wanda ya ce a shiga ciki.

"Yamusa."

"Na'am, Baba."

"Wannan bai wanke ka ba."

"Na sani, Baba."

"Na hana ka abu ka yi. Na tambaye ka wa ya sa ka, ka dubi idona ka yi min ƙarya. Ko don ka rufa mata asiri ne, ƙarya ce. Yaya Turai ta yi min tambaya a kanka shekaranjiya, har yanzu ban samu amsarta ba, kuma ba kai za ka ba ni ita ba. Yaro ba ya shaidar kansa."

Mashkura ta ɗago, idanunta jajir.

"Wanda ya raine ka zan tambaya. Zan zayyana masa duk abin da ka yi, kana zaune, in ji ko haka ya koya maka."

Yaron bai gane ba. Ya dubi Mashkura, ita ma ta dube shi.

"Labaran!" in ji Goggo. Ita ta riga su ganewa.

"Baƙi ne, Yaya. Gobe daga Kwali za su taso. A dafa da su."

Bai juyo ba. Yatsansa na kan yankan da ya tsaya a tsakiya.

"Ƙarfe nawa kawun naka ya ce?"

"Go... goma, Baba."

"Kada ya makara. Ƙarar da zan kai masa doguwa ce."